Lokacin da kai ke buɗewa farat ɗaya

Ibn Sina da bakinsa ya ba da labarin nan a ɗan tarihin rayuwarsa da ya shifta wa almajirinsa. Yana saurayi a Bukhara, ya riga ya wuce lissafi da manɗiƙi da likitanci ba tare da ya sha wata wahalar kirki ba, sai ya zo kan wani littafin falsafa na Aristotle, ya karanta bai gane ba, ya sake bai gane ba, haka dai har sau 40, har ya haddace littafin tas amma in ka ce masa me mutumin nan yake son cewa sai ya yi shiru. Ya ce daga ƙarshe fidda rai ya yi, ya ce wa kansa wannan littafi babu hanyar da za a bi a gane shi. To wata rana da yamma yana cikin kasuwar masu littattafai sai wani dillali ya tare shi da wani ɗan littafi yana talla, shi kuma ya kore shi don a lokacin ya gama yanke cewa fannin nan ba shi da amfani, dillalin ya nace ya ce saya mana ai araha ne, dirhami 3 kacal, mai shi ne yake cikin buƙata. Ya saya. Ashe ɗan littafin babban malamin falsafa Farabi ne da yake bayanin ina wancan babban littafin ya dosa. Ya koma gida da sauri ya buɗe, nan take duk abin da ya shige masa duhu ya waye, washegari ya raba sadaka mai yawa ga talakawa don godiya ga Allah.

Na daɗe ina juya labarin nan a raina. Yawanci in an ba da shi hankalin mutane kan dillalin yake tafiya da dirhami ukun, wai ka ga sa'a. Ni kuma karatu arba'in ɗin nan ne ya tsaya min. Don wallahi yau in aka miƙo min littafin Farabin nan kyauta babu abin da zai buɗe a kaina, tunda babu abin da yake rufe a ciki yana jiran mabuɗi. Ibn Sina ma da kansa ya faɗi dalili, ya ce ya gane nan take ne saboda littafin yana kansa a haddace. Wato kwanakin da yake ganin ɓata lokaci yake yi, yana maimaita abin da bai fahimta ba har ya gaji ya haƙura, su ne suka yi aikin, shi dai bai sani ba ne.

Kowa ya taɓa ɗanɗana ƙaramin wannan abu. Sunan wani ya ɓace maka, ka yi ta laluben sa har kanka ya yi zafi, ka bari, can kana wanka ko kana shirin kwanciya sai ya faɗo. Ko rigimar da ka kwana biyu kana tunanin yadda za ka warware, kana tafiya a ƙafa ba ma ita kake tunani ba sai ka ga hanya sarai. Kuma kamanninsa ɗaya ne ko babba ne ko ƙarami: zuwa yake bagatatan, ya zo da wani irin yaƙini, ya zo da daɗi har wani lokaci ka ji kana murmushi kai kaɗai, sannan abin da ya fi ban mamaki, da ya zo sai ka ga ai a fili yake, ka ce yaya aka yi ban ga wannan ba tuntuni.

Akwai wani gwaji da wasu masana halayyar ɗan adam, Janet Metcalfe da David Wiebe, suka wallafa a 1987 wanda nake ganin ya kamata duk mai fama da wani abu ya san da shi. Sun ba mutane tambayoyi iri biyu, wasu na aljabara da ake bi mataki-mataki, wasu kuma irin masu wasa ƙwaƙwalwa da sai ka juya tunaninka gaba ɗaya kafin ka ga amsa, sai suka ce duk bayan sakan 15 mutum ya nuna yadda yake jin ya kusa. A na aljabara jin kusancin hawa yake a hankali a hankali har a kai. A ɗaya irin kuwa a ƙasa yake kwance, mutum na cewa ban kusa ba, ban kusa ba, ban kusa ba, sai kawai ya yi tsalle ya kai ƙarshe. Ka ga ke nan a irin wannan matsala jin da kake yi cewa ba ka ci gaba ba shaida ba ce ta komai. Mai haƙa rijiya ma ƙasa busasshiya yake ta fitarwa har zuwa saran da ruwa zai tsattsafo, kuma saran da ya gabace shi bai yi masa alƙawarin komai ba. Wannan ne yake sa ni baƙin ciki in na ga ɗalibi ko mai koyon sana'a ya ajiye abu ya ce kansa ba ya ja, don sau da yawa abin da yake kira rashin ja ɗin nan shi ne yanayin da kowa yake shiga kafin ya gane.

Wanda ya fi taɓa ni a mutanen zamaninmu shi ne Andrew Wiles, malamin lissafi ɗan Ingila. Yana ɗan shekara 10 ya ci karo da wata matsala a laburare a Cambridge, wadda wani Bafaranshe Pierre de Fermat ya rubuta a gefen shafin littafi wajen 1637, ya ce yana da hujja amma gefen shafin ya yi masa kaɗan. Matsalar ko yaro zai gane ta: 3 sau 3 in ka tara da 4 sau 4 zai ba ka 5 sau 5, wato 9 da 16 sun zama 25, to Fermat ya ce in ka ninka kowace lamba da kanta sau uku ko fiye maimakon sau biyu, ba za ka taɓa samun cikakkun lambobi uku da za su yi maka haka ba. Sama da shekara 350 manyan masana suna gwadawa suna faɗuwa. Wiles ya shiga ɗakinsa na saman bene a Princeton a 1986, ya yi shekara 7 yana aiki a ɓoye, a watan Yuni 1993 ya tsaya gaban jama'a a Cambridge ya ce ya warware, jaridun duniya suka ɗauka. Sai masu duba aikin suka gano akwai rami a tsakiyar hujjar. Ka yi tunanin wannan hali, duniya ta gama tafa maka, kai kuma ka san ginin bai tsaya ba, kowa ya zuba ido. Ya fi shekara yana ƙoƙarin toshe ramin, har ya kira tsohon ɗalibinsa Richard Taylor ya taya shi, abu ya ƙi. Ranar Litinin 19 ga Satumba 1994 da safe ya zauna a teburinsa yana gab da sallamawa, ya ce bari dai ya ƙara duba hanyar da yake bi sau ɗaya, ko don ya san takamaimai me ya sa ta ƙi. Yana cikin dubawa sai ya ga abin da yake hana wannan hanyar aiki shi ne daidai abin da zai sa wata tsohuwar hanya da ya jefar shekara 3 baya ta yi aiki. Ya ce ya yi kamar minti 20 yana kallon takardar bai yarda ba, sannan ya yini yana zagaya sashen lissafi na jami'ar yana dawowa teburin don ya ga ko abin na nan. Da aka yi hira da shi a talabijin daga baya ya zo kan wannan safiya sai muryarsa ta sarƙe ya kasa ci gaba da magana. An buga aikin a 1995.

Abin lura, amsar ba daga waje ta zo masa ba. Rabinta na cikin abin da ya gwada ya kasa, ɗaya rabin na cikin abin da ya gwada ya jefar. Da bai yi waɗancan faɗuwa biyu ba babu abin da zai haɗa.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun ɗan leƙa abin da ke faruwa a wannan daƙiƙa. A 2004 Mark Beeman da John Kounios da abokan aikinsu a Amurka sun sa wa mutane na'ura a kai suna ba su wasan kalmomi, sai suka ga in amsa ta zo ta hanyar faɗowa farat ɗaya, akwai wani tartsatsin aiki da ke tashi a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa saitin saman kunne, kamar sulusin sakan kafin mutum ya danna ya ce ya samu, kuma wannan tartsatsi ba ya bayyana in da lissafi mataki-mataki aka kai ga amsar. Kafin shi kuma da kamar sakan ɗaya, ɓangaren baya da ke kula da gani yakan lafa, kamar dai ƙwaƙwalwar ta rage abin da ke shigowa ta ido don ta ji wani siririn tunani da ke ƙasa. Shi ya sa in aka yi maka tambaya mai wuya sai ka ga ka runtse ido ko ka kalli sama ba tare da ka shirya ba. Ni dai tunda na san wannan nake tsoron yadda muke cike duk wani ɗan gurbi na shiru da waya, a layi waya, a mota waya, a gado waya har barci ya ƙwace ta, to yaushe wancan siririn tunanin zai samu hanyar fitowa.

Barci ma yana da nasa hannu. A jami'ar Lübeck ta Jamus, a 2004 ɗin dai, an ba mutane wani aikin lambobi mai gajiyarwa wanda akwai wata gajeriyar hanya a ɓoye a ciki ba a gaya musu ba, aka koya musu, sannan wasu suka yi barcin awa 8 wasu suka zauna ido biyu. Da aka dawo, kusan 6 cikin 10 na masu barci sun gano gajeriyar hanyar, a waɗanda ba su yi barci ba ko 1 cikin 4 ba su cika ba. Amma barcin bai amfani wanda ba a fara koya masa aikin ba, sai an zuba abu a kai tukuna.

Otto Loewi, wani masanin magunguna a Graz ta ƙasar Ostiriya, shi kam a mafarki ya samu nasa wajen 1921. A lokacin ana gardama ko jijiya da lantarki take ba gaɓa umarni ko da wani sinadari. Ya farka tsakar dare da tsarin gwaji a kansa, ya rubuta a 'yar takarda ya koma barci, da safe ya ɗauko takardar ya kasa karanta rubutun kansa, ya yini cikin takaici ya san wani abu mai girma ya kuɓuce masa. Dare na biyu wajen ƙarfe 3 abin ya dawo, wannan karon bai tsaya neman biro ba, ya tashi ya tafi ɗakin gwaji. Ya ciro zuciyar kwaɗi biyu suna bugawa a cikin ruwan gishiri, ya taɓa jijiyar ta farko da lantarki bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu wadda babu wanda ya taɓa ta, ita ma bugunta ya ragu. Shi ke nan, sinadari ne. Ya samu kyautar Nobel a 1936. Daga baya aka tuna masa ai tun 1903 ya taɓa faɗin wannan zato a hira da wani abokin aikinsa, ya manta, abin ya kwanta a kansa kusan shekara goma sha takwas.

Amma gaskiya ba na masana ne suka fi damuna ba, na rayuwa ne, wanda mutum zai kwanta da wani hali ya tashi ba shi da shi. Malaman tarihi sun kawo labarin Fudailu ɗan Iyad, ɗan fashi ne da ya addabi hanyar da ke tsakanin Abiward da Sarakhs a ƙasar Khurasan, wani dare yana hawa katanga zai je wajen wata yarinya da yake so sai ya ji wani yana karanta ayar nan ta 16 a suratul Hadid, wadda take tambaya shin lokaci bai yi ba ga waɗanda suka yi imani da zukatansu za su rusuna ga ambaton Allah. Ya ce na'am ya Ubangiji, lokaci ya yi. Ya sauko. Yawancin masu wa'azi a nan suke tsayawa, amma ci gaban ne yake girgiza ni: ya tafi wani kango don ya kwana sai ya tarar da matafiya a ciki suna shawara, wasu na cewa mu tashi mu kama hanya, wasu na cewa a'a mu bari gari ya waye, Fudailu na kan hanya zai tare mu. Yana tsaye a duhu yana jin yadda sunansa yake a bakin bayin Allah da ba su yi masa komai ba. Ayar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi cikin musulmi, kuma ya san shi ɗan fashi ne ba sai an gaya masa ba, amma a daren nan ne ya ga kansa daga waje kamar yadda mutane ke ganin sa. Ya ƙare rayuwarsa a Makka cikin manyan masu zuhudu, ya rasu a 187 bayan hijira.

Ganin kai daga waje ɗin nan na ga irinsa da idona. Ina da wani aboki mai saurin fushi a gida, a waje kowa na yabonsa amma in ya shiga gida yara sai su nutsu kamar ba sa nan. Matarsa ta yi magana, yayarsa ta yi magana, ni ma na taɓa ɗan taɓo masa, kullum amsarsa ɗaya ce, tarbiyya ce, in ba a yi musu haka ba lalacewa za su yi. Wata rana ya fara naɗar saƙon murya zai tura wa wani kan harkar aiki, sai ɗansa ƙarami ya ture kofi ruwa ya zube a kan takardunsa, ya ajiye wayar ya hau yaron da faɗa, bai san tana ci gaba da ɗauka ba. Da dare ya zo zai tura saƙon ya ce bari ya saurara tukuna. Ya ji muryarsa ta farko mai laushi yana gaisuwa yana tambayar iyali, sai ƙarar kofi, sai wata murya da ya ce wallahi da ba a wayarsa take ba zai rantse ba tasa ba ce, a ƙarƙashinta kuma can ƙasa-ƙasa muryar yaron yana ta maimaita yi haƙuri Abba, yi haƙuri Abba, ba ya ko tsayawa ya ja numfashi. Da yake ba ni labari hannunsa na rawa, ya ce min ɗan'uwa ni fa ban san haka nake ba. An gaya masa sau ba adadi, amma bai sani ba sai daren nan. Fushin bai ɓace washegari ba, har yanzu yana taso masa, sai dai yanzu in ya ji yana tasowa tashi yake ya fita ya zagaya ya dawo, kuma bai goge saƙon ba.

Wani masanin halayya a jami'ar New Mexico, William Miller, tare da Janet C'de Baca, sun nemi irin waɗannan mutane a farkon shekarun 1990, suka yi doguwar hira da mutum 55 da suka ce rayuwarsu ta juya cikin ɗan lokaci. Da yawansu suna tuna ranar da lokacin da inda suke tsaye ko da shekaru sun ja, da yawa kuma suna cikin wani ƙunci ne kafin abin ya zo. Da aka tambayi mazan abin da suka fi ɗauka da muhimmanci, kafin nan dukiya ce a sama, bayan nan kuwa sha'anin ruhi da kwanciyar hankali da iyali suka hau gaba. An koma an nemi wasunsu bayan shekara 10 aka tarar canjin na nan. Don haka masu cewa mutum ba ya canzawa dare ɗaya, ni ban yarda da su gaba ɗaya ba. Yana canzawa, sai dai an daɗe ana tara abin da ya fashe a daren.

Kuma ganewa daban, iya aiki da ita daban. Imam Gazali yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, sarakuna na girmama shi, ya ce ya duba niyyarsa a karantarwar sai ya ga neman matsayi da suna ne ke tura shi. Ya gani sarai, amma wata 6 ya yi yana sa ƙafa ɗaya gaba yana janye ɗaya, da safe ya ƙudura zai tafi da yamma son duniya ya warware ƙudurin, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce wannan ciwo daga zuciya yake. Sai a ƙarshen 488 bayan hijira, wato 1095, ya fita ya nufi Sham, bai koma karantarwa a makaranta ba sai bayan kusan shekara 11. In mutum kamar Gazali ya sha wannan jan-in-ja, to wanda ya gane gaskiyar halinsa jiya kuma yau ya ga bai iya motsawa ba kada ya ce ƙarya ce ya gani.

A fagen ilimi ma haka ne, labarin ne ake gajarta mana. Newton ya ga tuffa ta faɗo daga bishiya a gonar gidansu a Woolsthorpe wajen 1666 lokacin da annoba ta sa aka rufe Cambridge, amma littafin da ya shimfiɗa lissafin ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa bai fito ba sai 1687. Injiniyan Siwizalan George de Mestral ya dawo daga farauta a 1941 ya ga wata ƙaya mai kama da ƙarangiya ta manne a wandonsa da gashin karensa, ya sa ta a madubin ƙara girma ya ga ƙananan ƙugiyoyi, nan tunanin Velcro ya zo, wato maɗaurin nan mai mannewa na takalma da jakunkuna, amma sai 1955 ya samu takardar mallakar abin bayan shekaru yana fama da masaƙa. A tsakanin nan ne mafi yawanmu muke zubar da namu. Abu ya faɗo maka da dare ka ji kamar ka tashi ka fara, ka ce bari gobe, goben ta zo da hidimominta, bayan sati ka tuna ka ji abin ya yi sanyi har kana mamakin me ya burge ka a ciki. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ni yanzu ko layi biyu ne sai na rubuta a take, kuma na rubuta yadda zan iya karantawa da safe, sannan na yi wani ƙaramin abu guda a kai kafin rana ta faɗi, ko kiran waya ɗaya ne.

Sai dai akwai inda nake son a yi hattara sosai, don yaƙinin nan da ke zuwa tare da abin ba hujja ba ne. Gaskiya ne binciken Carola Salvi da abokanta a 2016 ya nuna amsoshin da suka zo farat ɗaya sun fi yawan dacewa a kan waɗanda aka lalubo, amma fin yawa ba duka ba ne. A 2020 wasu masu bincike sun ba mutane jimloli da aka hargitsa harrufan kalma ɗaya a ciki, in mutum ya warware kalmar ya ji daɗin nan na ganowa sai ya fi yarda cewa jimlar gaskiya ce, ko da ƙarya ce tsagwaronta. Wato daɗin yana malala ya shafi abin da ke kusa da shi. Ina ganin wannan kullum a intanet, mutum ya haɗa labari biyu da hoto ɗaya da ba su da alaƙa, ya ji kansa ya buɗe, daga ranar babu mai iya gaya masa komai. Na san wanda ya bar aikinsa ya zuba duk abin da ya tara a wata harka saboda ta faɗo masa da asuba ya ji ta a jikinsa, bai tambayi ko mutum ɗaya da ya san harkar ba. John Nash, gwanin lissafin nan na Amurka da ya samu Nobel a 1994, lokacin da taɓin hankali ya kama shi wani abokin aikinsa ya ziyarce shi a asibiti ya tambaye shi yaya mai hankali irinsa zai yarda wasu halittu daga sama suna aiko masa saƙo, ya ba shi amsa cewa ai ta hanyar da tunanin lissafi ke zuwa masa ta nan waɗannan ma suka zo, shi ya sa ya ɗauke su da gaske. Henri Poincaré na Faransa, wanda wata babbar mas'alar lissafi ta buɗe masa daidai lokacin da ya ɗora ƙafa zai hau keken dokin haya a garin Coutances, ya ce ya ji tabbaci ɗari bisa ɗari har ya ci gaba da hirarsa, amma da ya koma Caen sai da ya zauna ya bi abin layi-layi, kuma ya yi gargaɗi cewa wani lokaci irin wannan tabbacin yakan yaudare shi, musamman tunanin da ke zuwa yana kwance tsakanin barci da farke. Abin da zai taɓa aurenka ko aikinka ko dukiyarka, rubuta shi da zafinsa, amma ka kai shi gaban wanda ya sani kuma ba ya jin nauyin ce maka a'a.

Wani lokaci ma abin gaskiya ne ɗari bisa ɗari, nauyinsa ne yake fin ƙarfin mai shi. Leo Szilard, masanin kimiyya ɗan Hungary da ya gudo daga Jamus bayan Hitler ya hau mulki, yana Landan a watan Satumba 1933 ya karanta a jarida cewa babban malami Rutherford ya ce masu maganar samun makamashi daga ƙwayar zarra tatsuniya suke yi. Maganar ta tsaya masa a rai yana ta yawo a titi, ya zo danja a Southampton Row ya tsaya, ta ba da hannu ya sa ƙafa zai tsallaka sai ya gani: in aka samu wani sinadari da in niyutiron ɗaya, wato wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na ƙwayar zarra, ya buge shi zai saki biyu, biyun su saki huɗu, to abin zai ci gaba da kansa. Kuma tun da wuri ya gane bom ne a ciki. Ya yi rajistar tunanin, a 1936 ya miƙa shi ga rundunar ruwan Birtaniya don a rufe shi a asirce. A 1939 tsoron kada Jamus ta riga kowa ya sa shi ya tsara wasiƙar da Einstein ya sa wa hannu zuwa ga shugaban Amurka Roosevelt, ranar 2 ga Disamba 1942 yana tsaye tare da masanin kimiyya Enrico Fermi a Chicago lokacin da abin da ya gani a bakin titi ya tabbata a karon farko. A watan Yuli 1945, Jamus ta riga ta faɗi, shi ne kuma ya rubuta takardar koke masana 70 suka sa hannu suna roƙon shugaba Truman kada a jefa bom ɗin a kan Japan ba tare da an ba ta damar miƙa wuya bisa sharuɗɗan da aka bayyana mata ba. Takardar ta maƙale a hannun sojoji ba ta kai ga Truman ba, ranar 6 ga Agusta aka jefa shi a Hiroshima. Bayan yaƙin Szilard ya bar fannin ya koma nazarin halittu, ya ci gaba da fafutukar a taƙaita makaman nukiliya har ya mutu a 1964.